Rautar gidanmu na ta kashe kanta tana kunnawa, maigida ya ce yaro ne ya lalata

Assalamu alaikum Malam. Dan Allah shawara nake nema. Ni matar aure ce a Zariya, ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, kusan duk cinikina ta waya nake yi. Muna da rauta, wato na'urar waifai, irin mai sa sim ɗin nan, shekararta biyu da wani abu a wajenmu kuma ba ta taɓa ba mu matsala ba sai watan nan da zafi ya shigo. Kawai muna zaune sai ka ga fitilunta sun ɗauke gaba ɗaya, can sai ta kawo da kanta, wani lokacin sau biyar sau shida a yini, abun ya fi yawa da rana da kuma in ina tura bidiyon kaya. Jiya ina tsaka da nuna wa wata mata kaya ta bidiyo ta yanke sau biyu, matar ta ji haushi ta fasa saye. Maigida ya ce babban yaronmu ne ya lalata ta da taɓe-taɓe, ya yi masa faɗa sosai har ya karɓe wayarsa, shi kuma yaron sai rantsuwa yake bai taɓa ba. Na kai wa wani mai gyara ya jona a shagonsa kamar minti biyar ya ce bai ga komai ba amma gara in sayi sabuwa, yana da ita. Cajarta ta asali ta ƙone tun damina, ta wata tsohuwar dikoda muke amfani da ita. In sayi sabuwar ne ko ya zan yi?

Maman yara, daga Zariya

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Ki riƙe kuɗinki tukuna, kar ki sayi komai yau. Maganar da kika bari sai ƙarshe kamar ba ta da wani muhimmanci, wato cajar dikoda, ita ce na karanta na sake karantawa, domin a irin wannan matsalar in aka kawo min rauta tana kashe kanta tana kunnawa, caja nake fara tambaya kafin ma in taɓa rautar, kuma mafi yawan lokuta a nan maganar ke ƙarewa.

Kin yi ƙoƙari da kika lura cewa fitilun duka ne ke ɗaukewa, wannan ya rage mana aiki sosai. Mutane da yawa suna haɗa abu biyu su kira su da suna ɗaya. Akwai lokacin da sabis ne kawai ya tafi, sai ki ga fitilar wuta tana nan a kunne, waifai na nan a wayarki amma babu intanet, fitilar sigina ce kaɗai ta koma ja ko ta mutu, to wannan tsakanin sim ɗinki ne da eriyar kamfanin layi, rautar ba ta mutu ba. Naki kuwa duka fitilu sun ɗauke, sunan waifai ya ɓace daga waya, sai an yi minti ɗaya ko biyu tana ƙyafta ido kafin ta dawo, wannan ta mutu ne ta tashi daga farko kamar an cire ta daga soket an mayar. Kuma abubuwan da ke sa na'ura ta yi haka ba su da yawa, ko dai wuta ta gaza mata, ko zafi ya yi mata yawa, ko manhajar da ke cikinta ta rikice. A ƙasarmu na farkon ya fi kowanne yawa nesa ba kusa ba.

Toh yanzu ga abun da nake so ki yi, ki ɗauko rautar ki kifa ta, a ƙasanta ko a bayanta akwai wata ’yar takarda da aka manna mai ƙananan rubutu, in idonki bai gani sosai ki ɗauki hotonta da waya ki buɗe hoton. Za ki ga lamba mai V a gefe, wato ƙarfin wuta, da wata mai A a gefe, wato yawan wutar da take ja, misali 12V da 1A, ko 12V da 1.5A, ko 2A, wasu ƙananan rautoci irin na TP-Link ma 9V da 0.6A ne. Sai ki ɗauko cajar dikodar nan ita ma ki duba jikinta wajen da aka rubuta Output, ki ajiye su gefe da gefe ki gwada. Lambar V dole ta zama iri ɗaya sak, babu ragi babu ƙari, in rauta ta ce 12 to 12 ɗin za a ba ta, in aka ba ta ƙasa da haka za ta yi ta sumewa, in aka ba ta sama da haka ana iya ƙona ta. Lambar A kuma ta caja ta kai ta rauta ko ta fi ta, in ta fi babu komai domin rautar iya abun da take buƙata kawai za ta ja, amma in ta gaza, misali rauta na son 1.5A caja na ba da 1A, to nan ne ake samun irin abun da kike gani. Akwai kuma wani ɗan zane mai alamar + da − da ɗigo a tsakiya, shi ma ki tabbata iri ɗaya ne a jikin su biyun, yawanci + ne a tsakiya.

Matsalar ita ce bakin waɗannan cajojin duk kama suke da juna, zagayayye baƙi, in ya shiga ramin fitila ta kawo sai mutum ya ɗauka shikenan an dace. Alhali ko bakin ma kala-kala ne, akwai mai ramin ciki milimita 2.1 akwai mai 2.5, da ido ba za ki bambance ba, in aka sa mai faɗin a kan siririn ƙarfe zai shiga amma yana lilo, iskar fanka ko wani ya bugi teburi kaɗan sai wuta ta yanke na ƙiftawar ido, ita kuma rauta ƙiftawar ido ta ishe ta ta mutu. Ki gwada wannan yanzu ma, tana kunne ki kama bakin cajar daga baya ki ɗan motsa shi a hankali hagu da dama, ki kuma lanƙwasa igiyar cajar kusa da kanta inda ta saba karyewa ta ciki. In fitilu suka ɗauke kina motsawa, kin kama ɓarawon da hannunki.

Kin ce abun ya fi yawa in kina tura bidiyo, wannan ma caja yake nunawa. Rauta mai sim kamar waya take, in tana zaune babu mai amfani da ita wuta kaɗan take ci, amma da zarar kin fara tura bidiyon leshi ko kina kiran bidiyo sai ta ƙara ƙarfi domin ta isar da saƙon zuwa eriya, balle in sabis ɗin unguwarku ba shi da ƙarfi, nan take cin wutarta ke tashi. Caja mai lafiya za ta ɗauki wannan nauyin ba tare da ta girgiza ba, wadda ta gaji kuwa sai wutarta ta faɗi ƙasa, rauta ta mutu, nauyi ya sauka, wuta ta dawo daidai, ta sake tashi, haka za a yi ta yi. Shi ya sa abun ke zuwa miki daidai lokacin da kika fi buƙatarta, kina tsaka da ciniki.

Za ki ce to ai tun damina muke amfani da cajar kuma lafiya lau sai yanzu. Eh, haka suke yi. A cikin kowace caja akwai wasu ƙananan abubuwa kamar gwangwani da ake kira kafasito, su ke daidaita wutar, kuma zafi ne babban abokin gabarsu, a hankali suke bushewa. Na sha fasa irin waɗannan cajojin a wajen aiki, sai ka ga kan gwangwanin da ya kamata ya zama a shafe ya kumbura ya yi tozo, wani ma ya tsage ya fitar da wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kai kamar tsatsa, amma daga waje cajar tsaf da ita babu ko ƙwarzane. Cajar da dama tsohuwa ce, ta yi shekaru a bayan dikoda, aka zo aka ɗora mata aikin da wataƙila ya fi ƙarfinta dare da rana ba hutu, ta lallaɓa ta wuce damina da sanyin hunturu, yanzu da zafin Maris da Afrilu ya sauka sai ta fara gazawa. Dan Allah ke kar ki fasa ta don ki gani, akwai wuta mai haɗari da ke saura a ciki ko bayan an cire daga soket. Ki dai taɓa jikinta bayan ta yi awa ɗaya tana aiki, in ta yi zafin da ba za ki iya riƙe ta a tafin hannu ba, ko kina jin wani siririn ƙara daga cikinta, ko warin roba, ki cire ta kawai kar ma ki kwana da ita a jone.

Shi mai gyaran da ya ce bai ga komai ba, ina kyautata zaton da tasa cajar ya jona, kuma minti biyar babu mai tura komai ai ko marar lafiyar rauta za ta zauna lafiya. In haka ne ma to ya ba mu shaida ba tare da ya sani ba, rautar ta yi aiki da wata cajar. Ko da ya auna taki da mita ya ga 12, wannan bai wanke ta ba, domin caja mai rauni tana nuna 12 cif in babu kaya a kanta, sai an ɗora mata nauyi take durƙushewa. Abun da ban ji daɗinsa ba shi ne a ce ba a ga matsala ba sannan a ce ki sayi sabuwa, maganganun biyu ba sa tafiya tare.

Gwajin da zai raba gardama mai sauƙi ne. Ki nemi aron caja mai lambobi daidai da na rautarki, wajen maƙwabta masu irin rautar ko wajen ’yan uwa, ki jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, ki yi kwana biyu kina aikinki yadda kika saba, ki tura bidiyo da rana tsaka lokacin da abun ya fi yi. In ba ta mutu ba ko sau ɗaya, sai ki je kasuwa da rautar a jaka ki sayi caja mai kyau a gwada a gabanki, ki zaɓi mai ɗan nauyi a hannu, waɗanda ba su da nauyi kamar fanko yawanci lambar da aka rubuta a jikinsu ba ta kai ba, kuma in kin samu mai A sama da abun da rautar ta nema ki ɗauke ta. Kuɗin caja ko kusa bai kai na rauta ba.

Na ce soket ɗin bango da gangan. Akwai gidan wata gwaggona da aka yi ta fama da irin wannan, an canza caja har sau biyu abun bai daina ba, da na je sai na zauna a falo ina kallon rautar kawai, can sai na ji firiza ta yi ƙara ta tashi daga kicin, a daidai lokacin ƙwan falo ya ɗan dushe, fitilun rauta suka ɗauke. Da muka bi waya sai ga shi firiza da rauta da talabijin duk a kan doguwar ekstenshan ɗaya suke, ramukanta sun yi baƙi sun saki, filogin rautar ma da ƙyar yake zaune, an tokare shi da ’yar takarda da aka naɗe. Muka mayar da rautar wani soket ita kaɗai, magana ta ƙare. Injin firiza da firij da famfon jan ruwa suna fizgar wuta da yawa a lokacin da za su tashi, dutsen guga da hita su ma suna da ci, don haka ki lura ko mutuwar rautar na zuwa tare da tashin wani abu a gidan.

Sai kuma wutar NEPA ita kanta. Wutarmu a ƙa'ida 230V ce, kuma in kin duba yawancin cajojin nan an rubuta suna karɓar daga 100 zuwa 240, don haka ƙarancin wuta kaɗan ba ya cika damunsu, abun da ke kashe rauta shi ne ɗan ɗaukewar nan da dawowa da ko fanka ba ta tsayawa, da lokacin da ake juya layi daga NEPA zuwa janareto, har wasu inbatocin ma in za su karɓi wuta akwai ɗan tsaikon da ƙwan lantarki ba zai nuna ba amma rauta za ta ji. Ƙaramin janareto kuma in mai ya kusa ƙarewa ko an ɗora masa kaya yana ta sama da ƙasa, shi ma haka. In kin gano nan ne matsalar, akwai wani ɗan akwati mai batir a ciki da ake sayarwa musamman don rauta, masu shago na ce masa mini UPS, ana jona shi a bango sai a jona rautar a jikinsa, ko an ɗauke wuta ba za ta ko ƙyafta ba kuma zai riƙe ta na wasu awanni gwargwadon girman batirinsa. Ga mai sana'a irin taki wallahi ina ganin ya cancanci kuɗinsa ko da caja ce ta zama matsalar, sai dai shi ma a duba V ɗinsa ya dace da na rautar kafin a jona, domin wasu suna da ramuka da yawa na 5 da 9 da 12.

Zafi kuma, ba ki faɗa min inda kuke ajiye ta ba. Yawancin rautocin gida an yi su ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a bazara iskar waje ma tana kai wa can, balle ɗaki mai rufin kwano da ƙarfe biyu na rana. Mutane suna son ɗora ta a taga saboda sabis, rana ta yi ta dukanta, ko a kan dikoda ko saman firij inda ɗumi ke tashi, wasu matan kuma saboda tsafta sai su rufe ta da ɗan kyalle mai ado kar ƙura ta hau, su toshe ramukan da take shan iska. In taku haka take ki cire kyallen, ki sauke ta daga kan duk abun da ke ɗumi, ki sa ta inda iska ke ratsawa kusa da taga amma ba cikin rana ba. Ƙurar hunturun da ya wuce ma tana nan cikin ramukan, ki cire ta daga wuta ki goge da busasshen buroshin haƙori, banda ruwa. In irin mai batir a ciki ce, ki buɗe murfin ki duba, batirin da ya kumbura har murfi ba ya rufuwa daidai a daina amfani da shi nan take, yana iya kamawa da wuta.

In an canza caja, an canza soket, an ba ta iska, kuma ba ta daina ba, sai a shiga cikinta. A jikin takardar nan ta ƙasa akwai adireshi na lambobi kamar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei yawanci 192.168.8.1 ne, ki rubuta shi a burauzar waya kina kan waifai ɗin gidan, ki sa kalmar sirrin da ke jikin takardar. Ki duba mutum nawa ne ke jone, in kin ga wayoyin da ba na gidanku ba ki canza kalmar sirri, ƙaramar rauta in aka yi mata yawa takan rikice. Wasu rautocin kuma suna da wajen da ake saita musu lokacin da za su riƙa kashe kansu su kunna, in mutuwar tana zuwa a lokaci ɗaya kullum ba ta saɓawa to a duba nan, amma naki da yake ba shi da tsayayyen lokaci ban sa ran shi ne ba. Daga nan sai ɗan ramin da aka rubuta Reset, a sa tsinke a danne kamar daƙiƙa 10 tana kunne, za ta koma yadda ta fito daga kwali, sunan waifai da kalmar sirri duk su koma na jikin takarda, don haka ki ɗauki hoton saitin da ke ciki kafin ki yi. Sabunta manhajarta shi ne na ƙarshe, kuma dan Allah kar a fara shi sai an tabbata wuta ba za ta yanke ba, rautar da ke mutuwa da kanta in ta mutu ana tsakiyar sabuntawa tana iya ƙin tashi gaba ɗaya, shi ya sa ban kawo shi da wuri ba. In duk an yi wannan tana nan tana yi, to a lokacin ne zan ce miki cikinta ya taɓu, wataƙila tun ranar da cajar asali ta ƙone, sai a yi maganar sabuwa.

Abu ɗaya dai nake roƙo, kar a canza komai da komai rana ɗaya. In kika canza caja da soket da waje kika yi riset duk a yini guda, ko ta gyaru ba za ki san me ya gyara ta ba, ranar da ta dawo sai a koma farko. Caja tukuna, kwana biyu, sannan na gaba.

Maganar yaron kuma ta tsaya min a rai tun da na karanta. Duk abun da kika lissafa, zuwan zafi, tura bidiyo, fitilu su ɗauke duka, babu wanda ya yi kama da aikin hannun yaro. Abun da taɓe-taɓe ke jawowa shi ne a wayi gari kalmar sirri ta canza ko waifai ya ɓace ko data ta ƙare da wuri, kuma yaron da aka yi wa faɗa aka karɓe wayarsa amma rauta ba ta fasa mutuwa ba, ai wannan kaɗai ya isa a sake tunani. Ba daɗi yaro ya yi ta rantsuwa a gidansu ba a yarda da shi ba, irin wannan yana zama a zuciya fiye da yadda mu manya muke zato. Ki samu lokacin da maigida ya huta hankalinsa a kwance, ba a gaban yara ba, ki nuna masa hoton lambobin caja da na rauta ki ce ga abun da aka ce a gwada, ba sai an yi jayayya a kan wa ke da gaskiya ba, in aron caja ya nuna abun da nake zato shi da kansa zai gani, kuma ina fatan zai kira yaron ya mayar masa da wayarsa ya faɗa masa kalma mai daɗi.

Kafin nan ma ki sa yaron cikin aikin. Ki ba shi littafi da biro, duk lokacin da ta mutu ya rubuta ƙarfe nawa, NEPA ce ko janareto, me aka kunna a gidan, wa ke tura me, shi zai ma fi ki saurin karanta ƙananan lambobin nan da shiga adireshin rautar. In kwana biyun sun cika ki sake rubuto min abun da ya rubuta, tare da lambobin V da A na jikin rautar da na cajar dikodar, sai mu ga inda za a dosa. Allah ya mayar miki da cinikin da ya wuce da mafi alheri, a gaida maigida da yaran.